Aikin sa-kai na kamfani a ƙasar waje: amsa ga ɗalibi mai neman hanyar fita

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce saura shekara guda ka gama digiri a fannin akanta, ka ji cewa manyan kamfanoni na tura ƙwararru ƙasashen waje aikin sa-kai, tikiti da masauki duk a wuyan kamfani. Kana son sanin yadda ake shiga, da kuma ko hanya ce ta samun zama a can.

Tambayarka ta biyu amsarta a'a ce, gara ka ji tun da wuri. Ta farko kuwa, ana shiga, amma sai wanda ya riga ya zama ma'aikacin kamfanin. Aron ma'aikaci ake bayarwa: kamfani ya ɗauki mutuminsa ya ba wata ƙungiya ko asibiti ko hukuma na ɗan lokaci, ya ci gaba da biyan shi albashi, wa'adi na cika ya dawo kan kujerarsa. Pfizer, kamfanin magunguna, ta fara nata shirin a 2003, tana tura ma'aikata ƙungiyoyin kiwon lafiya na tsawon watanni. IBM, kamfanin kwamfuta, ta fara a 2008, kuma Gana da Tanzaniya da Romaniya da Biyetnam na cikin ƙasashen farko da ta je. GSK, ita ma kamfanin magunguna, ta biyo a 2009 da zaman wata uku zuwa shida, SAP mai yin manhaja kuma a 2012 da zaman mako huɗu. Galibi daga ƙasashe masu arziki ake tafiya zuwa masu tasowa, ka ga alƙiblar ma ta saɓa da wadda kake hange. A lokacin annobar korona ta 2020 kuma, yawancin irin wannan aiki ya koma ta intanet ko cikin ƙasar da ma'aikacin yake zaune.

Idan Allah ya kai ka irin wannan kamfani, ga yadda abin ke tafiya. Akan buɗe neman shiga a cikin gida, yawanci sau ɗaya a shekara. Ana duba daɗewarka, galibi shekara biyu ko uku, da sakamakon aikinka na shekarun baya, da ɗan bayanin da za ka rubuta kan abin da za ka iya tsinanawa. Amma mabuɗin yana hannun shugaban sashenka. Shi ne zai rasa ka wata guda ko shida alhali albashinka na fita daga kasafinsa, don haka kar ka je masa da zancen son taimakon al'umma kawai. Je da takarda: ga ayyukan da ke hannuna, ga wanda zai riƙe kowanne, ga wanda zan gama kafin in tafi. Mai aikin akanta kada ya nemi tafiya a lokacin rufe lissafin shekara, ba za a sa masa hannu ba. Ƙasar da za ka ma ba kai ke zaɓa ba a mafi yawan lokuta.

Tsakanin kamfani da masu karɓar baƙi akwai ƙungiya mai shiga tsakani, irin su Pyxera Global ta birnin Washinton. Ita ke nemo masu buƙata, ta tsara masauki da mota, ta rubuta takardar da ke fayyace aikin. A tsarin IBM na asali, akan haɗa ayarin mutum goma zuwa goma sha biyar daga ƙasashe daban-daban, su yi wata uku suna shiri ta waya da intanet, wata guda a filin aiki, sannan wata biyu na bibiya bayan dawowa. Da an isa sai a kasa su gida-gida, mutum uku ko huɗu a kan kowace ƙungiya.

Takardar nan da ke fayyace aiki, a nan ake cin nasara ko a faɗi, tun ba a hau jirgi ba. Yi lissafi da kanka: mako huɗu kwana 20 ne na aiki. Makon farko gaisuwa da zagaye da fahimtar wane ne wane za su cinye shi. Na ƙarshe na rubuta rahoto ne da gabatarwa. Abin da ya rage bai wuce kwana 10 ba. Idan ka ga an rubuta “a inganta harkar kuɗin ƙungiya”, to ba a rubuta komai ba. Sai ka matsa a mayar da shi abin da za a iya nunawa da yatsa: jadawalin shige da ficen kuɗi na wata 12, da ƙa'idar sayen kaya mai shafi biyar, da horar da mutum uku su riƙa rufe lissafin wata da kansu. Abu biyu ko uku sun isa. Wanda ya ɗauko bakwai rahoto kawai zai bari.

Kafin tafiya ka nemi su aiko maka da bayanan da za ka yi aiki da su, na gaske, ko da hoton shafin littafi ne. Sau da yawa takarda ta ce akwai rumbun bayanai, ka je ka tarar rasit ne cike da kwali, ko fayil ɗin Excel guda shida da ba su yarda da juna ba. Idan ka san haka da wuri, ka san rabin lokacinka na tattarawa ne da tacewa, sai ka rage alkawari. Ka kuma nemi sunan mutum ɗaya da za ku yi aikin kafaɗa da kafaɗa, a tsayar da awoyin da zai ba ka kowane mako a rubuce. Mutumin nan yana da nasa aikin, ba a rage masa komai don zuwanka ba, kuma in aka haɗa ka da shugaban ƙungiya kaɗai, kullum yana taro, ba za ka gan shi ba sai ranar bankwana.

Kuskuren da ƙwararru suka fi yi shi ne gina abin da ya fi ƙarfin masu gida. Mutum ya saba da manhaja mai tsada a ofishinsa, ya ɗora musu irinta da lasisin gwaji, bayan ya tafi lasisi ya ƙare, babu kuɗin sabuntawa, babu wanda ya iya gyara. Ko ya tsara abin da sai da intanet mai ƙarfi yake aiki, a wurin da layi ke yankewa. Ma'aunin mai sauƙi ne: a mako na uku ka janye hannunka, ka bar abokin aikinka ya yi abin daga farko har ƙarshe kana kallo, bakinka a rufe. Inda ya tsaya, nan ne gyaranka yake. Kalmomin sirri da fayiloli da bayanin yadda ake amfani da su duk a miƙa su a rubuce, a ajiye a kwamfutar ƙungiya, kada su dawo tare da kai.

Akwai kuma rashin fahimta kan kuɗi. Wasu masu karɓar baƙi da sun ji sunan babban kamfani sai su zaci tallafi na biye da kai. Faɗa musu a taron farko, cikin ladabi, cewa ilimi ka kawo, ba ka da ikon yin alkawarin ko kwamfuta ɗaya. Sannan kar ka kwashi sunayen marasa lafiya ko na masu cin gajiyar ƙungiya ka zuba a kwamfutar kamfaninku. Dokar kare bayanan mutane ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018 da makamantanta na iya hawa kanka da kamfanin. Likita da nas da injiniya da mai binciken kuɗi su sani cewa lasisinsu na gida ba ya aiki a wata ƙasa sai sun yi rajista a can. Shawara da horarwa za su yi, ba duba majiyyaci ko sa hannu a kan rahoton bincike ba.

Sai takardun tafiya, kuma a nan kar ka bi abin da abokan ayarinka suka ce, don fasfonku ba ɗaya ba ne. Wanda ke riƙe da fasfon Jamus zai shiga inda kai sai ka yi makonni kana jiran biza. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida da shafuka biyu farare. Ka riƙe wasiƙa biyu: ta gayyata daga masu karɓarka, da ta kamfaninku mai cewa shi ke biyan ka kuma za ka dawo. Rashin karɓar albashi a can bai sa aikin ya daina zama aiki a idon jami'in shige da fice ba, don haka a tambayi ofishin jakadanci irin bizar da ta dace, a samu amsa a rubuce. Kar ka ce yawon buɗe ido ka zo alhali akwai takardun aiki a jakarka. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma kora ɗaya za ta bi fasfonka shekaru. A Birtaniya, misali, mai bizar baƙo kwana 30 kawai aka yarda ya yi sa-kai, shi ma ga ƙungiyar agaji mai rajista, kuma ba shi ne dalilin zuwansa ba. A yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, baƙo kwana 90 ne zai iya yi cikin kowane kwana 180. Mai fasfon Najeriya ko Gana yana buƙatar biza ko don canza jirgi a filayen jiragen Shengen, sai in yana da takardar da ta ɗauke masa, kamar izinin zama a yankin ko bizar Amurka ko Kanada da ba ta ƙare ba. Masu yankar tikiti a kamfani sukan manta da wannan.

Allurar rigakafin cutar shawara sai ta kwana 10 kafin katinta ya fara aiki, kuma tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Inshorar lafiya ka karanta ta da idonka, ka tabbata akwai ɗauko mara lafiya da jirgi. Kamfani kan biya tikiti da masauki da alawus na abinci, amma ba ya ɗaukar iyali. Zaman da ya kai kwana 183 na iya jawo maka haraji a ƙasa biyu. Wanda kuma yake zaune a waje da bizar aiki ya yi hattara da doguwar tafiya: a Birtaniya, mai jiran izinin zama na dindindin bai kamata ya wuce kwana 180 a waje cikin wata 12 ba.

To kai da kake ɗalibi fa? Gama karatunka, ka nemi aiki, ka kama hanyar takardar ƙwarewa irin ACCA, ka ƙara harshe, musamman Faransanci, don ana ƙarancin masu haɗa shi da Turanci a irin waɗannan ayari. Ranar da za a yi maka tambayoyin ɗaukar aiki a babban kamfani, ba laifi ka tambaya ko suna da wannan shiri. Kafin nan akwai ƙofofin da ba sai ta kamfani ba. Shirin 'yan sa-kai na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka kafa a 1970 kuma hedikwatarsa ke Bon a Jamus, yana da ayyukan da ake yi ta intanet daga inda kake, da na cikin ƙasa, da na waje ga masu gogewa. Ga na cikin ƙasa da na waje, alawus na zama yake bayarwa, ba albashi ba. Ƙungiyar sa-kai ta VSO ta Birtaniya, tun 1958 take, ita ma ƙwararru masu shekarun aiki take nema. Peace Corps kuwa, hukumar sa-kai ta gwamnatin Amurka, ta 'yan Amurka ce zalla, kar wani ya ruɗe ka da ita.

Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta karɓar kuɗi a kowane mataki na neman shiga, kuma shirin kamfani ba shi da dillali, tunda ma'aikatan cikin gida kaɗai ke ganin sanarwarsa. Duk wanda ya turo maka fom ta WhatsApp da tambarin IBM ko SAP yana neman kuɗin rajista ko na biza, kar ka tura masa kuɗi, kar kuma ka tura masa hoton fasfonka.