Tambaya da Amsa: Me Injiniya Ke Dubawa Kafin a Sayi Gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Dillali ya nuna mini gida a Kano, ya sha fenti, tayil ko'ina, yana ta matsa mini in ba da kafin alƙalami. Yayana ya ce in kawo injiniya ya duba tukuna. Me zai gani wanda idona bai gani ba? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, yayanka ya yi maka gata. Kada ka ba da ko sisi sai an duba, kuma injiniyan ya zama kai ka nemo shi, kai za ka biya shi, ba wanda dillali ya kawo ba. Ka nemi lambar rajistarsa ta COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya.

Tsaga zai fara bi. Siririya kamar gashi a jikin filasta yawanci ba ta da illa, siminti ne ya bushe da gaggawa. Abin tsoro ita ce wadda ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko ta bi layin bulo hawa-hawa, balle idan faɗinta ya kai milimita 5, ko ta ɓullo ciki da waje a wuri guda. Wannan fandisho ne ke nutsewa, kuma sau da yawa tsohon kududdufi ne aka cike da shara aka ɗora gini a kai. Ƙofar da ke cijewa da daɓen da ya karkata duk labarin ɗaya suke bayarwa. Irin wannan gyara na iya cin abin da ya kusa sabon gini, don haka a nan ya kamata ya daɗe.

Sai danshi. Zai duba bango daga ƙasa zuwa kamar mita 1: fenti mai kumbura, farin gishiri, filasta mai zuba da ka taɓa ta. Ko dai ba a shimfiɗa leda ba kafin a zuba kankare, ko titi ya fi gidan tudu. Duk bangon da aka manna wa tayil zuwa rabi, a tambayi dalili. In da hali a je a watan Agusta, bayan an tafka ruwan sama an ɗauke. Damina ba ta rufa wa gini asiri.

Zai hau cikin silin da tocila, ya soki katako da ƙusa don gano ɓarnar gara, ya duba kwano. In bene ne, rodin da ya leƙo ya yi tsatsa babban aibu ne. A wajen wuta, kaurin waya zai duba, a ma'aunin murabba'in milimita: wayar fitila 1.5 ce, ta soket 2.5, ta hita ko babbar na'urar sanyaya ɗaki 4 zuwa sama. Siririyar waya kan babban kaya ita ke jawo gobara. Zai buɗe famfuna, ya kora ruwa a banɗaki, ya auna tsakanin sokawe da rijiya, kada ya gaza mita 15.

Kada ka yarda da rahoton baki. Ya rubuta maka, da hotuna da ƙiyasin kuɗin gyara, da shi za ka koma teburin ciniki. Takardu kuwa ba aikinsa ba ne: lauya zai bincika shaidar mallakar a KANGIS, hukumar da ke adana bayanan filaye a Jihar Kano, kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta wajabta amincewar gwamna kafin a mayar da ita sunanka.