Ƙanwata mai shirin tafiya Yuganda aikin sa kai, ga abin da ya same ni

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tun daren jiya na ga tambayarki, na karanta na ajiye waya, barci ya ƙi zuwa na sake ɗaukowa. Kin ce ƙungiyar ɗaliban jami'arku ta zaɓe ku za ku je Yuganda na mako shida, ku kafa wa matan wani ƙauye sana'ar da za ta riƙe kanta, in kun dawo ku shigar da aikin gasa. Kin ce Baba bai gama sakin jiki da tafiyar ba, kina tambaya ko abin ya kai a kashe masa kuɗi da lokaci. Wallahi kamar ni ce na rubuta. 'Yan'uwa sun riga sun yi miki bayanin tikiti da katin rigakafin shawara, ba sai na maimaita ba.

Ina shekara ta uku a jami'a a Kampala muka yi irin wannan. Mu bakwai ne, ni kaɗai ce Bahaushiya. Ƙauyen da muka je yana saman Mbale, a jikin dutsen Elgon, inda ake noman kofi da ayaba a kan gangare. Sana'ar da muka kai musu curin gawayi ce: a ƙona ɓawon kofi da ɓawon ayaba da totuwar masara a cikin ganga har su yi baƙi, a daka, a kwaɓa da kunun garin rogo, a matse da injin hannu, a shanya. A takarda abin gwanin sha'awa. Za a rage saran itace, mata za su samu na cefane, kuma kowa a yankin yana tuna zaftarewar ƙasar da ta binne mutane a Bududa a watan Maris na 2010. Shugaban tawagarmu ba ya buɗe baki sai ya ambaci Bududa. A lokacin na ɗauka tausayi ne.

Mun gwada abin a Kampala, a kan siminti, cikin zafin Janairu. Kwana huɗu ya bushe ƙarau, muka dafa shayi da shi a kurfotinsu da suke kira sigiri, muka yi ta murna. Ba wanda ya tambayi yadda sama take a jikin Elgon a watannin da za mu je. Can rana takan fito da safe, kafin la'asar hadari ya sauko daga dutse, kusan kullum. Ƙasa ja, santsi, iska cike da danshi. Don Allah ki fara tambayar wannan tun yanzu: wane wata za ku je, kuma abin da za ku yi yana son rana ko ruwa?

Matan da muka tarar suna da ƙungiyar ajiya tasu tun kafin mu zo. Duk mako suke zama, su kusan talatin, da akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan suna hannun mata uku daban, ta huɗu ce ke ajiye akwatin a ɗakinta. Kowa da ɗan littafinta, in ta zuba a buga mata hatimi. Mai bukata ta ci bashi daga ciki, in shekara ta zagayo a fasa a raba. Ranar da na fara zama da su mai yi mana tafinta ya ce min ai wannan tsarin daga ƙasarku ya fito. Na ce Najeriya? Ya ce Nijar. Da na koma na bincika, ashe ƙungiyar CARE ce ta fara shi a yankin Maraɗi a 1991, sunansa ma na Hausa ne, Mata Masu Dubara, an gina shi ne a kan adashin da iyayenmu suka saba. Kakata ta wajen uwa uwar adashi ce a unguwarmu har ta rasu. Sai na ji matan nan kamar dangina ne, su ma suka ja ni a jiki. Na koyi gaishe su da mulembe mayi, ina zama da su muna ɓare matoke, hannuna duk ya yi baƙi da ƙaron ayaba. Wannan sabon da muka yi shi ne abin da aka yi amfani da shi daga baya.

Kuɗin da muka tara bai kai na injin matsewa ba. Shugabanmu ya ce ai ma gara haka, in ba su sa kuɗinsu ba ba za su ɗauki abin da muhimmanci ba, a sa su ci bashi daga akwati su saya. Ya ce ni zan yi musu magana tunda ni suka yarda da ita. Na yi. Na tsaya a gabansu na ce cikin wata biyu za su mayar da kuɗinsu har da riba, domin haka aka rubuta a lissafinmu. Mata huɗu suka ɗaga hannu. Ɗaya daga cikinsu dattijuwa ce mai riƙe da makulli guda, jikoki uku take riƙo. Ta dube ni ta ce wa tafinta, in 'yar nan ta ce zai yi, to zai yi. Bashin akwatin kuma akwai ƙarin da ake biya duk wata, a matsayina na Musulma abin ya tsaya min a rai tun ranar, amma na danne na ce ai tsarinsu ne. Har yau ina neman gafarar Allah a kan wannan tsayuwar da na yi.

Gawayin ya ƙi bushewa. Mako biyu yana kan tamfol, a fitar da safe a kwashe da rana, ciki da ɗanyensa. Wani ya yi fumfuna, wani ka ɗauka ya ruguje a hannu, wanda aka hura kuma hayaƙi kamar an sa ɗanyen kara. Sannan abubuwan da muka kira shara ashe ba shara ba ne a wurinsu. Ɓawon ayaba abincin saniyar da suke ɗaurewa a bayan gida ne. Ɓawon kofi taki ne, a gindin ayaba ake zuba shi. Garin rogon da muke damawa kuwa abincin yara ne. Kuma matan ƙauye ba su sayen gawayi, itace suke samowa; masu saye suna cikin garin Mbale, kafin buhu ya sauka dutse a bayan boda boda, wato acaɓa, rabinsa ya koma gari. Duk wannan matan sun sani tun ranar farko. Kunya da kara suka hana su faɗa, mu kuma ba mu tambaya ba, mun zo da amsa a cikin kwamfuta.

Abin da ya fi ƙona min rai ranar ɗaukar bidiyo ne. Saura kwana uku mu tafi, shugaban nan ya sauka gari da asuba ya dawo da buhu. Busasshen curin gawayi ne ya sayo a wurin masu yin sa a gari. Ya jera shi a saman kwanduna ya rufe namu, ya sa matan suka ɗaura zanensu mai kyau, ya ce su yi dariya su ɗaga. Na ja shi gefe na ce wannan ƙarya ce. Ya ce min alƙalan gasa ba su da lokacin jin labarin ruwan sama, in muka ci kuɗin ai matan za mu dawo wa da shi, mu gina musu rumfar shanya. Na yi shiru. Ina cikin bidiyon nan, a gefen dattijuwar, da hijabina ruwan toka. Mun zo na biyu, aka ba da ɗan kuɗi, a asusunsa aka zuba domin shi ya cike fom. Daga nan yau taro gobe jarrabawa, sai wayarsa ta daina shiga. Da na tare shi a bakin laburare ya ce min kasuwanci ya gaji haka, akwai riba akwai faɗuwa, su ma matan sun koyi darasi. Sun koyi darasi! Mutumin da ko sau ɗaya bai ci abinci a gidajensu ba, kullum da ruwan gorarsa da biskit a jaka. Daga baya na ga hoton dattijuwar nan a shafinsa, ya rubuta yawan iyalan da ya ce ya fitar daga talauci, da shi ya nemi gurbin digiri na biyu kuma ya samu. Ban yafe ba tukuna, gaskiya nake faɗa miki. Na sha ɗaga hannu in ce na yafe, sai fuskar matar nan ta faɗo min.

A watan Disamba suka fasa akwati, na hau mota ni kaɗai na koma. Aka buɗe kwaɗo uku, aka zube kuɗi a faranti, ana kiran lamba ana miƙa wa kowa nata, ana guɗa. Da aka zo kan mata huɗun nan aka cire bashi da ƙarinsa daga ajiyarsu. Abin da ya rage wa dattijuwar ta ƙirga shi sau biyu, ta ƙulle a bakin zane. A Yuganda a watan Fabrairu ake komawa sabuwar shekarar makaranta, da kuɗin nan take yi wa jikokinta kayan makaranta da littattafai duk shekara. Na so ta zage ni. Ba ta yi ba. Ta kama hannuna muka tafi gidanta, ta dafa min shayi da madara, ta kawo matoke da malewa, wato miyar tohon gora da suke ji da ita. Injin yana jingine a bayan ɗaki ya fara tsatsa, kaji sun ɓata shi. Na kasa haɗiye lomar. A motar dawowa Kampala kuka na yi ta yi har wata mata ta miƙo min hankici.

Daga kuɗin abincin da ake turo min daga gida na riƙa ragewa ina tura musu ta waya, biyu daga cikin 'yan tawagar suka taimaka, sai da muka yi wata bakwai kafin mu cike. Ban gaya wa Babana ba sai bayan na gama karatu.

To ƙanwata, ban ce kar ki je ba. Ki je, amma ko sisin mutanen ƙauye kar ya shiga gwajinku. In kuɗinku bai kai ba ku rage aikin. Kuma kafin ki biya komai ki tambayi shugabanninku wa ya nemi wannan sana'ar, matan ne ko ku? Wa zai tsaya a kai bayan kun hau jirgi, kuma nawa ake biyansa? In suka fara kame-kame kin samu amsarki. Maganar kuɗin gasa a rubuta ta tun yanzu, kowa ya sa hannu, a faɗi asusun da za a zuba da kason da zai koma ƙauye. Na san za su ce kin cika zargi. Bari su ce.

Duk wanda ke wannan harka yana kawo sunan Muhammad Yunus na Bangladesh da bankinsa na ba talakawa ƙananan rance, Grameen, da kyautar Nobel ta 2006, mu ma da shi muka buɗe jawabinmu. Amma dala 27 ɗin da ya ranta wa mutum 42 a 1976 daga aljihunsa ta fito, kuma ƙauyen Jobra yana maƙwabtaka da jami'ar Chittagong inda yake koyarwa, da ƙafa yake zuwa, yarensu yake ji. Sai 1983 abin ya zama banki. Mu mako shida muka ware, biyu daga ciki sun tafi a gaisuwa da neman masauki.

Af, gaisuwa. Kowane ƙauye a can yana da shugaban da ake kira LC1, kamar mai unguwa ne a wurinmu sai dai zaɓensa ake yi. Ku fara zuwa wurinsa ku sa hannu a littafin baƙi kafin ku tara kowa. Tafinta ku biya shi da kyau, kuma in da hali ku samu mace, domin akwai maganar da mata ba za su faɗa ta bakin namiji ba. Da muna da tafinta mace ina jin da tun makon farko an gaya mana zancen saniya. Biza ma ki duba da kanki, ta yawon buɗe ido ba ta aiki ba ce, ki sa ƙungiyar da za ta karɓe ku ta rubuto muku irin takardar da ta dace. Ki tafi da gidan sauro da takalmin roba da rigar sanyi, dare a kan dutse akwai sanyi sosai. Salla da abinci ba za su ba ki wahala ba a wajen Mbale, akwai Musulmi da masallatai da yawa, har jami'ar Musulunci ta Yuganda a garin take tun 1988, kuma ba za ki rasa 'yan Arewa a cikinta ba. Ki ɗauki yaji da kuka da daddawa, posho, wato tuwon masararsu, da wake kullum sai ya ishe ki.

Shi kuma Baba kar ki yi masa gardama. Ki ba shi sunan ƙauyen da lambar wanda zai karɓe ku da inda za ki kwana da wadda za ku kwana tare, ki bar shi ya kira da kansa. Nawa Baban tambaya ɗaya ya yi min kafin in tafi, ya ce su mutanen sun ce suna so? Na ce masa eh, alhali ban sani ba.

Ki turo min sunan gundumar da watan da za ku je da irin sana'ar ta akwatin saƙo. Tafintanmu yana nan muna gaisawa, in yankinsu ne zan sa ya tambayo miki matan tun kafin ku sayi tikiti. Dattijuwar ma tana nan da rai, babbar jikarta ta shiga sakandare bara, ta sa an kira ni an gaya min.