Kwamfuta ta ƙi tashi bayan sharar rajista

Malam, ka ce daga Tawa kake, ka sa manhajar riga-kafi ta Avast a kan ta Kaspersky, sannan ka share rajista, wato ma'ajiyar saitunan Windows, da wata manhaja, yanzu kwamfutar na tsayawa a tambarin Windows tana ta juyi.

Riga-kafi biyu kamar kishiyoyi ne, kowace na ganin ɗayar a matsayin ɓarauniya. Amma na fi zargin sharar nan. A rajista Windows ke ajiye bayanin direbobin da take lodawa lokacin tashi, wato manhajojin da ke sarrafa sassan kwamfuta, goge layi ɗaya na iya hana ta tashi. Microsoft ma ba ta goyon bayan irin waɗannan manhajoji.

Kunna ta, da tambarin ya fito ka danne maɓallin wuta har ta mutu. Yi haka sau biyu ko uku, shuɗin allon gyara zai fito. Tunda galibin injunanmu da Faransanci suke, nemi "Options avancées", sai "Dépannage", sai "Options avancées" kuma, sai "Restauration du système", ka zaɓi ranar da ta gabaci sharar. Hotunanka ba za su ɓata ba. Ka tabbata batir cike yake, kar wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki.

In ya ƙi, shiga "Mode sans échec", wato yanayin da Windows ke tashi da muhimman abubuwa kaɗai, ka cire riga-kafin duka biyu. Defender, riga-kafin da ke zuwa tare da Windows, ya wadatar.