Amsa kan maganar Tumbuka

Salamu alaikum jama'a. Ƙanena da ya tambaya ko Tumbuka karin harshen Chichewa ne, a'a, sam. Kar ma ka kuskura ka faɗi haka a gaban mutumin Mzuzu. Harshe ne mai zaman kansa. Dangin Bantu ne dai, amma na arewacin Malawi, su Mzuzu da Rumphi da Mzimba, har ya tsallaka Zambiya wajen Lundazi. Su Chitumbuka suke ce masa.

Na san abin da ya sa ka tambaya, ka ga an ce Chichewa ne harshen ƙasa. To ai nan ciwon yake. A 1968 gwamnatin Kamuzu Banda, shugaban Malawi na wancan lokacin, ta fitar da Tumbuka daga rediyo da makarantu, ta ce Chichewa kawai. Sai da mulkinsa ya ƙare a 1994 aka dawo da shi rediyo. Shekara 26 fa, ka kunna rediyon ƙasarku ba ka jin harshen uwarka!

Ni lokacin da nake aiki a Mzuzu, na shiga kasuwa na gaida wata tsohuwa mai sayar da usipa, ƙananan kifin tafkin Malawi, na ce mata "Muli bwanji", gaisuwar Chichewa. Ta amsa, amma kamar na taka mata ƙafa. Abokin aikina ya raɗa min, ce mata "Muli uli", ta Tumbuka. Washegari na gwada, ta washe baki ta ce "Nili makora", har da gyara ta ƙara min, cike da tafin hannu.

Abin da ya fi burge ni ma ƙabilar Ngoni ne. Daga kudu suka taho a ƙarni na 19, suka ci Tumbuka da yaƙi, har yau sarautar Mzimba ta gidan M'mbelwa ce. Amma harshen fa? Tumbuka suke yi. Kamar Fulanin gidan sarauta a Kano, sarauta tasu, baki kuwa Hausa. Na faɗi wannan a zauren nan bara, wani ya tashi min kamar na zagi kakansa, har yau bai ba ni haƙuri ba. To, harshen Ngoni ba duka ya ɓace ba, in gyara, a waƙoƙin rawar ingoma ana jin sauran Ngoni.

Sai Vimbuza, rawar warkarwar Tumbuka, ta so ta yi kama da bori... bari dai, cajina ya kusa ƙarewa.