Zagayen duwatsun Riruwai: me ya kamata mu tanada?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Kibiya. Ni da abokaina mun yi shawarar zuwa duwatsun Riruwai, kusa da dajin Falgore, mu hau ta gefe ɗaya mu sauko ta wani gefen har mu dawo inda muka ajiye babura. An ce mana zagayen zai kai kilomita 10. Dukanmu mun saba da noma da tafiyar ƙasa, amma babu wanda ya taɓa hawan da ya wuce na Dutsen Dala. Shin za mu iya?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Za ku iya da yardar Allah, domin wanda yake wuni yana huɗa a gona ba ƙarfin ƙafa zai rasa ba. Abin da ya fi damuna shi ne tsarin tafiyar da kuka zaɓa. Wanda ya hau dutse ya sauko ta inda ya hau ya riga ya ga hanyarsa, amma mai zagaye yana shiga rabin tafiyar da bai taɓa gani ba a daidai lokacin da ya gaji, ruwansa ya ragu, rana kuma ta take. Gangara ta fi hawa cin gwiwa, kuma a kan falalen dutse mai tsakuwa santsi ɗaya ya isa ya jawo targaɗe a wurin da babur ba ya shiga.

Saboda haka, kafin ku tanadi komai, ku nemi ɗan jagora. Ku fara da gaida mai unguwa ko dagacin wurin, ku gaya masa abin da ya kawo ku, ku roƙi a haɗa ku da maharbi ko makiyayin da ya san kowane kwazazzabo. Riruwai, a ƙaramar hukumar Doguwa, tsohon wurin haƙar kuza ne, kuma ciyawa tana iya rufe bakin tsohon rami har baƙo ya taka bai sani ba. Ga kuma batun tsaro, wanda ba na so ku ɗauke shi da wasa: dajin Falgore ya sha fama da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, sojoji kuma suna atisaye a cikinsa. Idan hanyarku za ta ratsa cikin gandun, wanda yake cikin wurare 10 da gwamnatin tarayya ta amince a 2020 a mayar da su gandun daji na ƙasa, sai kun nemi izinin ma'aikatan gandun. Idan mutanen gari suka ce kada a shiga a wannan makon, ku haƙura ku koma gida.

Game da lokaci, akwai lissafin da wani mahayin duwatsu ɗan Sikotilan, William Naismith, ya fitar a 1892, wanda har yau ake amfani da shi: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Idan hawanku ya kai mita 300, lissafin zai ba ku awa biyu da rabi, amma wannan na mutumin da ya saba ne, a hanya mai kyau, ba tare da hutu ba. Ku ware awa biyar. Ku kama hanya da zarar gari ya waye, sannan ku yanke tun a ƙasa cewa idan ƙarfe 10 na safe ta yi ba ku kai rabin zagayen ba, za ku juya ta inda kuka fito. A ganina wannan alkawari ya fi duk wani guzuri muhimmanci, domin a saman dutse kunya takan hana mutum cewa ya gaji.

Kowa ya riƙe aƙalla lita 3 ta ruwa, da ƙunshin gishiri da sukari na ORS, da dabino, gyaɗa ko ƙuli-ƙuli. A bar silifas a gida, a sa takalmi sau-ciki mai kaushin ƙasa wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, da dogon wando, da malafa, da sanda. Kada kowa ya zura hannu cikin tsagar dutse ko ya zauna a kan dutse bai duba ƙarƙashinsa ba, saboda kububuwa da kasa da kunama, haka nan a nisanci kogon da ake jin kukan zuma. Idan tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotse, kada a ɗaure da tsumma tamau. A cire masa zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa ba tare da tsayawa neman maganin gida ba.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan an gama girbi, dutse ya bushe, hunturu ya rage zafi. A Maris da Afrilu zafin Kano yakan kai digiri 40, da damina kuwa gansakuka tana sa dutse santsi, rafi kuma yana cika cikin ɗan lokaci. Kafin ku tashi, ku bar wa wani a gida sunan ƙauyen da za ku ajiye babura da lokacin da ya kamata ya ji daga gare ku, tunda ba lallai waya ta kama a tsakanin duwatsu ba.