Likita, da gaske damuwa na iya jawo wa mutum ciwon zuciya?

Tambaya:

Assalamu alaikum likita. Mahaifiyata tana da shekara 64. A lokacin kullen korona aka bugo mata waya cewa ƙanenta ya rasu, ga shi babu halin fita, ko gawarsa ba ta samu gani ba. A daren nan ƙirjinta ya riƙe, numfashi ya gagara, da ƙyar muka kai ta asibiti. Da farko suka ce bugun zuciya ne. Da suka duba jijiyoyin zuciyar kuma sai suka ce babu inda ya toshe, wai damuwa ce ta jawo. Ta warke, amma har yau wasu cikin dangi suna cewa ai babu abin da ya same ta, tsoro ne kawai. Ni kuma duk sanda wani mummunan labari ya zo sai in rasa yadda zan gaya mata. Shin da gaske damuwa na iya yi wa zuciya haka? Kuma yana iya dawowa?

Amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan kawunki, ya ƙara wa Mama lafiya.

Da gaske ne, 'yar'uwa. Yadda kika kwatanta ya yi daidai da wani ciwo da muka sani sarai, mai suna takotsubo, kuma ina so ki fara isar da wannan ga dangi: ciwo ne na naman zuciya, ana ganinsa a hoto, ana auna shi a jini, yana kuma kisa. Yana yi mini ciwo ƙwarai in ji an ce wa mai irin wannan lalura raki take yi, alhali zuciyarta ta yi kwanaki tana fama da harba jini.

Likitocin Japan ne suka fara bayyana shi a 1990, a birnin Hiroshima. Sun lura da marasa lafiya masu duk alamun bugun zuciya, amma in an duba jijiyoyin sai a tarar da su a buɗe. Abin da suka gani shi ne babban ɗakin hagu na zuciya, wanda ke tura jini zuwa ga dukkan jiki, ya sauya kama: ƙasansa ya saki ya kumbura ya daina matsawa, samansa kuma yana ta matsawa da ƙarfi. Sai ya koma kamar tulu, ciki faffaɗa wuya siriri. Masuntan Japan suna da wata tukunya mai wannan siffa da suke kama wata halittar teku mai hannaye takwas da ita, sunan tukunyar takotsubo, daga nan ciwon ya samo suna.

Ga yadda abin yake faruwa. Idan mutum ya firgita ko ya ji labarin da ya girgiza shi, ƙwaƙwalwa takan sa jiki ya saki sinadarin adirenalin da danginsa. Aikinsu ne su sa zuciya ta yi sauri, jini ya hau, mutum ya samu ƙarfin gudu ko kare kansa. Ɗan kaɗan na da amfani. Amma in suka kwararo lokaci guda fiye da ƙima, sai su sumar da wani sashe na naman zuciya, su kuma matse ƙananan jijiyoyin da ke shayar da shi. A 2005 likitocin jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun auna waɗannan sinadarai a jinin masu wannan ciwo, suka tarar sun ninka na masu bugun zuciya mai tsanani sau biyu zuwa uku. Bambancin da ke tsakanin cututtukan biyu yana da muhimmanci: a bugun zuciya gudan jini ne ke toshe jijiya, naman da ke bayanta ya mutu, ya bar tabo. A takotsubo naman suma yake yi, shi ya sa galibi yake farfaɗowa cikin makonni kaɗan zuwa wata biyu.

Shekarun Mama ma sun dace da abin da muka saba gani. Kusan tara cikin goma na masu ciwon mata ne, akasarinsu waɗanda al'ada ta ɗauke musu. Ana ganin raguwar sinadarin istirojin, wanda ke ba jijiyoyin mace wata kariya, na da hannu a ciki. Ba baƙin ciki kaɗai ke tayar da shi ba. Tiyata, tashin asma, shanyewar ɓarin jiki ko wata rashin lafiya mai tsanani duk suna jawo shi, a wasu ma babu wani dalilin da ake iya nunawa. Har farin ciki mai yawa ya taɓa kwantar da wasu 'yan tsiraru.

Batun kulle kuwa, tun kafin korona mun san cewa bala'in da ya faɗa wa jama'a gaba ɗaya yana ƙara yawan masu wannan ciwo. An ga haka bayan girgizar ƙasar Niigata ta Japan a 2004, an sake gani a Christchurch ta New Zealand a 2011. To amma girgizar ƙasa daƙiƙoƙi ce ta wuce. Kulle watanni ya yi, ga tsoron cuta, ga sana'a ta tsaya, ga labarin mace-mace safe da yamma, sannan abin da ke sanyaya zuciyar wanda aka yi wa rashi, wato ganin 'yan'uwa da zama tare da su, shi ne aka hana. Mama ta sha wannan labari ne a kan damuwar da ta riga ta taru, ba ta kuma samu inda za ta sauke ba.

A watan Yulin 2020 likitocin Cleveland Clinic da ke jihar Ohio ta Amurka suka fitar da abin da suka gani a asibitocinsu biyu. Cikin mutum 258 da suka zo da alamun bugun zuciya a watannin Maris da Afrilu na shekarar, 20 takotsubo ne, wato kashi 7.8 cikin ɗari, alhali kafin annobar bai kai kashi 2 ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne an gwada su ba a samu korona a jikinsu ba. Ina dai karanta wannan adadi da taka-tsantsan, domin asibiti biyu ne kawai, kuma a daidai lokacin masu bugun zuciya na ainihi sun rage zuwa asibiti, wanda hakan kan sa kason ya ƙara girma a lissafi.

Wannan raguwar ita ce ta fi tayar mini da hankali a duk tarihin kullen. A Ingila masu zuwa asibiti da ciwon zuciya na gaggawa sun ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari zuwa ƙarshen Maris na 2020. A yankin Lombardiya na Italiya kuma waɗanda zuciyarsu ta tsaya a wajen asibiti sun ƙaru da fiye da rabi. Ciwon zuciyar bai ragu ba, mutane ne suka zauna da shi a ɗaki don tsoron kamuwa da cuta. Saboda haka kun yi daidai da kuka fita da Mama a daren nan, duk da wahalar da kuka sha. Babu likitan da zai iya bambance takotsubo da bugun zuciya ta hanyar kallo ko jin labari. Ciwon ƙirjin iri ɗaya ne, gwajin ECG, wato na'urar da ke zana yadda zuciya ke bugawa, yakan yi kama, sinadarin turofonin, wanda naman zuciya ke saki in ya ji rauni, yakan hau a jini a duka biyun. Sai an ɗauki hoton eko, wato hoton da ke nuna yadda zuciya ke motsi, an kuma zura siririn bututu an duba jijiyoyin, sannan a rarrabe. Kwanakin farko kuma su ne masu haɗari: ruwa na iya taruwa a huhu, yadda zuciya ke bugawa na iya rikicewa, jini na iya daskarewa a sashen da ya daina motsi ya tafi ƙwaƙwalwa. Kimanin huɗu cikin ɗari na waɗanda aka kwantar ba sa fita da rai.

Yana iya dawowa, amma ba kasafai ba: mutum ɗaya zuwa biyu cikin ɗari ne yake sake kamawa a kowace shekara. Idan ba a sake yi wa Mama hoton eko ba tun bayan sallama, a nemi a yi, don a tabbatar ƙarfin zuciyar ya koma yadda yake. Kada ta ajiye magungunan da aka ɗora ta a kai sai da sanin likitanta, a kuma riƙa auna mata hawan jini. In tana fama da rashin barci, yawan fargaba ko ƙuncin da ya ƙi wucewa, a faɗa wa likita kai tsaye, domin masu irin wannan damuwa sun fi yawa cikin masu takotsubo, kuma tana da magani.

Game da labarai marasa daɗi, ban ba ki shawarar ɓoye mata ba. Abin da aka ɓoye yakan fito ta bakin da bai dace ba, a lokacin da babu kowa kusa da ita, wannan kuwa ya fi muni. Ki guji gaya mata ta waya ko cikin dare. Ki je da kanki ko ki tura wanda ta yarda da shi, a zaunar da ita, a fara da cewa wane ba shi da lafiya sosai kafin a kai ga sauran, sannan a kwana tare da ita a ranar. Idan kuwa ta dafe ƙirji, ko numfashinta ya yi sama, ko gumi ya keto mata, ko jiri ya ɗebe ta, kada wani ya ce a bari ta huce tukuna. A tafi asibiti nan take, a riƙe takardar sallamarta ta wancan karon, a shaida wa likitan da ya karɓe ta cewa ta taɓa yin takotsubo.