Ƙugin janareta yana danne karatun da nake ɗauka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ne nake ɗaukar karatun malaminmu bayan Magariba a masallacin unguwarmu a Gusau, da makirufo da kwamfuta, sannan in tura wa jama'a ta WhatsApp. Ƙugin janareta da na fanka suna danne muryar malam. An ce Audacity, manhajar gyaran sauti ta kwamfuta, tana cire su. Ta yaya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Audacity kyauta ce, kuma tana rage ƙugi, amma wanda yake tafiya bai ɗaya, irin na fanka da janareta. Tari, kukan yaro ko hon ɗin babur kuwa sai dai a yanke.

Rabin gyaran tun wurin ɗauka ake yin sa. Makirufo kada ya wuce taƙi guda daga bakin malam, domin idan ya yi nisa, ɗakin za ka ɗauka maimakon muryar. Kashe fankar da ke saman kansa. Ka kuma zare cajar kwamfuta ta yi aiki da batir, don sau da yawa ƙugin ta wayar caja yake shigowa. Sa ido a ma'aunin sauti, murya ta riƙa kai tsakanin -12 da -6 dB, wato awon ƙarfin sauti. Idan ta taɓa sifili ta fashe, fasasshiyar murya kuwa ba ta komawa daidai. Kafin malam ya buɗe karatu, ka ɗauki daƙiƙa 5 babu mai magana, janareta na aiki.

Wannan shirun shi ne makaminka. Zaɓe shi da linzami, ka shiga Effect, ka nemi Noise Reduction, ka danna Get Noise Profile. Daga nan danna Ctrl da A don ka zaɓi karatun duka, ka koma Noise Reduction, ka sa ragin a 9 zuwa 12 dB, Sensitivity a 6, ka saurara da Preview kafin ka amince. A nan mutane suke ɓata aiki: sai su zuga shi zuwa 25 ko 30, ƙugi ya tafi, amma muryar malam ta koma kamar daga cikin rijiya. Gara ɗan ƙugi ya saura da haruffan Larabci su narke.

Idan akwai sauran gurnani a ƙasa, sau da yawa na wutar lantarki ne, wutar Najeriya kuwa a 50 Hz take gudu, don haka High-Pass Filter, mai tace sautin ƙasa-ƙasa, a 80 Hz zai rage shi ba tare da taɓa maganar ba. Sai Normalize, mai daidaita ƙarfin sauti, a -1 dB.

Kada ka tura fayil mai aup3, wato wanda Audacity take ajiye aikinta a ciki, waya ba ta buɗe shi. Ka bi ta Export ka fitar da MP3, mono, 64 kbps. Karatun awa guda zai tsaya wajen MB 29, ba zai cinye datar masu sauraro ba.